Fili Bakwai Masu Jan Biro

Maganin Inna na fita saya. Ranar Talata ce, na taso daga aiki a gajiye, sai da na kusa gida na tuna ƙwayar hawan jininta ta ƙare tun safe. Na yi tsaki na juya. Shagon maganin yana bayan tsohuwar tasha, ta wata doguwar hanya mai bin katangar makaranta, wadda ba kowa ke son bin ta ba idan rana ta yi ja. Ni kuwa ba ni da zaɓi. Shekara uku ke nan Inna tana kwance, ɓarin jikinta na dama ya shanye, kuma ni kaɗai ke juya ta, in wanke ta, in ba ta abinci a baki. Yayyena maza biyu suna nan da ransu, amma a waya.

Na sayi maganin na kamo hanya. Yara sun watse daga filin ƙwallo. Babu mota, babu mai keke, sai ƙarar takalmina da ledar maganin da ke bugun cinyata. Can sai na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin wanda ke tasowa idan ka leƙa tsohuwar rijiya. An fi wata biyu ba a ga ɗigon ruwan sama ba.

"Salamu alaikum, baiwar Allah."

Ban ji takunsa ba. Wani dattijo ne dogo, cikin fararen kaya tas, yana tsaye a gefen kwalbati. Ya riƙe wata takarda da hannu biyu, a hankali, sai ka ce ƙwai aka ba shi ajiya.

Na amsa sallamar.

"Tambaya nake," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Gida mai lamba goma sha tara, layin injin niƙa. Nan ce hanya?"

Gidanmu ke nan. Gidan da Babanmu ya gina da guminsa, inda Inna take kwance a lokacin tana jirana.

"Wa kake nema a can, Baba?"

"Ba kowa. Wurin na zo gani. An ce mu koma can kafin faɗuwar ranar Alhamis."

Har na buɗe baki zan ce masa ya yi ɓatan kai, sai idona ya sauka a kan takardar. Tambarin ƙaramar hukumarmu ne a samanta. Na san takardar nan. Ni na buga ta.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san yadda tsuntsu ya ja ruwa.

Ni ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ce, a wurin da aka raɗa wa suna Sashen Fasahar Sadarwa. Sunan ya fi sashen girma. Ɗaki ɗaya ne, kwamfuta shida, huɗu ke aiki, sai firinta guda mai cin takarda kamar akuya. Aikinmu shi ne mu kwashe abin da ke cikin tsofaffin littattafan rajista mu zuba a na'ura. Ɗan kwangilar da ya haɗa mana manhajar, na rantse bai taɓa buɗe littafin rajista ba a rayuwarsa. Ya yi fom ɗinsa yadda ba ya yarda a bar gurbi ko ɗaya ba a cike ba. Ka tsallake wuri guda, sai ya yi ja, ya ƙi wucewa. To, mutumin da aka haifa shekara saba'in da suka wuce, ina za ka samo takamaiman ranar haihuwarsa? Sai muka koyi dabara. Wanda ba a san ranarsa ba, ɗaya ga Janairu. Wanda ba shi da waya, ka sa masa taka. Yau in ka duba na'urarmu, rabin mutanen yankin rana ɗaya aka haife su, kuma dukkansu da lambar wayar abokiyar aikina suke amfani. Muna yi muna dariya.

Sai aka zo maganar tsohuwar unguwar bayan kasuwa, wadda za a rushe a fitar da titi. Fili ɗari uku da wani abu. Kowanne a shigar da lambarsa, da sunan mai shi, da adireshin da za a mai da shi a sabon matsuguni. Na'ura da kanta za ta buga wa kowa notis na kwana bakwai, masinja ya je ya manna. Ni aka ɗora wa littafin.

Na yi kwana tara a kansa har idona ya fara ganin bibbiyu. A cikin littafin akwai layi bakwai da ba su da suna. Lambar fili kawai, an ja musu layi da jan biro, a gefe an rubuta da ƙaramin rubutu: A bar su. Na bar su. Na'ura ta ce ba ta san wannan zance ba.

Na ɗauki littafin na kai wa Yallaɓai, shugaban sashenmu. Mutum ne da bai san inda ake kunna kwamfuta ba, amma ya je taron ƙara wa juna sani sau tara, kuma kowanne ya dawo da jaka. Ko kallon shafin bai yi ba.

"Ciyaman zai ƙaddamar da aikin nan ranar Juma'a mai zuwa," ya ce. "Ba na son ganin ja a allon nan. Ki cike da ko mene ne."

Na koma na zauna. A gurbin suna na rubuta Mai Wuri, sau bakwai. A gurbin adireshi kuwa, hannuna ya rubuta abin da ya fi sabawa da shi: lamba goma sha tara, layin injin niƙa. Allon ya koma kore. Firinta ta tofo notis, masinja ya kwasa ya tafi. Ya dawo yana ƙunƙuni wai an sa shi manna takarda a kango da bakin rijiya kamar mahaukaci. Har da ni aka yi masa dariya.

Yanzu ga ɗaya daga cikin takardun nan a hannun dattijo. Bayanta akwai ɓurɓushin jar ƙasar bangon da aka ɓamɓaro ta daga jikinsa.

"Ɗaki nawa ne a gidan?" ya tambaya.

"Biyu." Ban san lokacin da na amsa ba.

"Mu kuma gida bakwai ne." Ya lissafa da yatsunsa. "To. Za a matsa."

Rana tana bayana, inuwata ta miƙe a gabana har gindin katanga. Tasa inuwar kuwa ta wuce ta gefen ƙafata, ta nufi wajen ranar.

Na zuba da gudu. Mace mai shekara arba'in da ɗaya, da jakar ofis, da takalmi mai tsini. Bai bi ni ba. Mai takarda a hannu ba ya bin kowa da gudu.

Na tarar da Inna yadda na bar ta, a kan gadonta, fuskarta tana kallon ƙofa. Maƙwabciyarmu matar mai walda, wadda ke leƙa ta da rana, ta riga ta tafi.

"Auta, kin daɗe," in ji Inna, da rabin bakinta da ke motsi. Ita kaɗai ke kirana Auta a duniya. "Wa kika aiko ɗazu yana auna tsakar gida da taku?"

Na ce ba kowa, mafarki ta yi. Na ba ta magani.

Da sassafe ban je ofis ba, gidan Baba Rajista na nufa. Shi ya riƙe littattafan nan shekara talatin da biyu kafin a kawo mu. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai ban ɓoye ko ɗaya ba. Ya ajiye rediyon a hankali.

"Jan biron nan ba ado ba ne, 'yata. Ni ma haka na gaje shi, wanda na gada a wurinsa ma haka ya tarar. Kangon bayan maƙera, tsohon rumbu, gindin kwalbati, rijiya, da sauransu. Akwai masu su. Ba su taɓa damun kowa ba, mu ma ba mu taɓa rubuta su ba. Zaman da aka yi ke nan."

"To, Baba, me ya hana ka gaya mana?"

"Wa ya tambaye ni?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ranar da aka kawo na'urorinku, kujerata aka fara fitarwa don a sami wurin ajiye kwali."

Na sunkuyar da kai. Ɗakinmu aka kawo kujerar tasa, a kanta nake ɗora jakata.

"Mutanen nan suna da hali guda," ya ci gaba. "Ba sa saɓa wa rubutu mai tambari. Mu 'yan Adam ne ke yaga notis mu tafi kotu. Su in an ce su tashi, za su tashi. In an ce ga inda za su, can za su."

"Ba na wasa da addu'a, Baba. Kullum sai na tofe gidan."

"Ki ci gaba, Allah ya karɓa. Amma ɓarawo ake kora. Waɗannan ke kika aika musu goron gayyata. Mafita ɗaya na sani: sabuwar takarda, daga inda ta farko ta fito, kuma ta shiga hannunsu kafin ranar Alhamis ta faɗi. Su ranarsu da faɗuwar rana take ƙarewa, ba ruwansu da agogo."

Daga can na wuce wurin Yallaɓai. Gyaran abin da aka riga aka shigar, shi kaɗai ke da lambar sirrin yin sa. Na ce masa akwai kuskure a adireshi bakwai. Ya ce bayan ƙaddamarwa. Na ce ba zai jira ba. Ya ce in an taɓa allon zai koma ja, ko so nake in kunyata shi a gaban Ciyaman? Da na ga ba sarki sai Allah, na gaya masa gaskiya. Wallahi sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Aljanu sun karɓi notis! Kai, Malama, aikin nan ya taɓa ki. Ai wannan nasara ce, ko su sun shigo tsarin zamani."

Har ya kira mutanen sashen kuɗi su zo su ji.

Da yamma na lallaɓa Inna ko za ta yarda in kai ta gidan babban yayana kwana biyu.

"Wanne? Wanda ke leƙo ni daga bakin ƙofa yana duba agogo?" Ta juyar da ido. "A ɗakin nan ubanki ya cika, Auta. Nan zan jira nawa."

Da na ɗauke ta da ƙarfi, da ba ta iya hana ni ba. Nauyinta bai fi na yarinya ba. Amma na ƙyale ta, saboda ina da dabara. Kowa a sashenmu ya san Yallaɓai ya rubuta lambar sirrinsa a 'yar takarda ya manne ƙarƙashin madannan kwamfutarsa. Gyara bakwai, minti goma ya ishe ni. Na amince wa na'ura, ni da na fi kowa sanin halinta. Wannan shi ne abin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba.

Ranar Alhamis sakatariya ta cika kamar gidan biki. Masu fenti, masu ɗaura ƙyalle, masu shara da ba a taɓa ganin su ba sai ranar albashi. Yallaɓai ya kafe a kan kujerarsa yana haddar jawabi. Ƙarfe biyu, yana nan. Huɗu, yana nan. Mutumin da bai taɓa wuce azahar a ofis ba, ranar sai da ya kai shida saura kwata.

Da motarsa ta fita, na sauka wurin mai janareta. Babu wutar gari tun shekaranjiya, batirin da aka sayo wa sashenmu kuwa tun bara ya yi ƙafa.

"Don Allah ka bar mini wuta har in fito."

"Shida da rabi nake kashewa, Malama. Man da ya rage na gobe ne. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar jawabin Ciyaman, ke za a kora ko ni?"

"Don girman Allah."

"Sai dai ki yi sauri."

Na hau sama. Dogon barandar ba kowa. Warin sabon fenti ya cika wurin. Na shiga ɗakinmu na rufe ƙofa, na ɗaga madannan Yallaɓai, na kwafi lambar. Hannuna ya yi kuskure sau biyu. A na uku ta buɗe.

Shida da minti biyu.

Na kira fili na farko. Da'irar nan ta jira ta fara juyawa a tsakiyar allo. Sabis ɗin sakatariya ke nan, in kana sauri shi ma ya sani. Ta juya, ta juya, ta buɗe. Na goge adireshinmu. Gurbin ya yi ja.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ba na iya barin sa haka. Dole in sa wani wuri.

Warin fenti ya ɗauke. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya maye gurbinsa.

Ban ji an buɗe ƙofa ba. Sai dai fankar sama ta rage gudu, takardun da ke kan tebura suka ɗan motsa. A gilashin kwamfutar da ta mutu, wadda ke gefena, na ga fararen kaya a tsaye a bayana. Ba mutum ɗaya ba. Sun yi layi, kamar yadda mutane ke yi a ofishinmu, kowa da takardarsa a hannu biyu. Layin ya wuce inda bangon ɗakin ya ƙare.

"Mai rubutu," in ji dattijon, a daidai kunnena. Numfashinsa sanyi ne. "An ce za a canza."

"Kuskure ne, Baba." Ban waiwaya ba. "Ku yi haƙuri."

"Mun saba. Ina za mu?"

Na san adireshin Yallaɓai. Allah ya sani yatsuna sun je kan madannai, har na rubuta lambar gidan. Sai na tuna 'yarsa ƙarama da ke zuwa ofis tana wasa da sitampi. Na goge.

Ƙasan benen sakatariya akwai wani ɗaki da aka jibge littattafan Baba Rajista bayan mun gama da su, aka garƙame da kwaɗo. Na rubuta: Ɗakin tsofaffin fayil, Sakatariya.

"Akwai shiru a can?"

"Ba mai shiga."

"To."

Na danna. Da'ira. Kore. Firinta ta yi tari, ta ja takarda. Wani hannu ya wuto ta saman kafaɗata ya zare ta. Dogon hannu ne, gwiwarsa biyu.

Na biyu ya buɗe da wuri. Na uku ma.

Shida da minti goma sha huɗu. Hasken taga ya koma ruwan goro.

A na huɗu firinta ta cinye takardar. Na tashi na buɗe cikinta, ina jan guntaye da farce, ina kuka ba sauti. Ban taɓa ganin masu jiran layi da haƙuri irin nasu ba, kuma haƙurin ya fi komai ban tsoro.

Na huɗu ya fita.

Na biyar.

Duk wanda ya karɓi tasa, sai in ji ɗakin ya ɗan rage nauyi.

Na shida na dattijon ne. Ya karɓa, ya karanta a hankali, ya ninke. Amma bai tafi ba.

Shida da ashirin da shida.

Na kira na bakwai. Filin rijiya. Na kalli gilashin da ke gefena. Babu kowa a bayan dattijon.

"Ina mai wannan?"

"Tsohuwa ce," ya ce a hankali. "Ba ta iya tsayuwar layi. Ta yi gaba tun la'asar, tana zaune a ƙofar gidan tana jiran lokaci."

Da'ira tana juyawa.

"Ku ce ta tsaya! Ga shi ina gyarawa!"

"Takarda za ta tsayar da ita."

Ya buɗe. Na goge. Na rubuta. Yatsuna suna zamewa da gumi. Na danna.

Da'ira.

"Ita ba ta son ɗaki," in ji shi, kamar mai ba ni labarin kasuwa. "Ta saba da wuri mai duhu, mai zurfi. Wanda ba ya motsi."

Da'ira.

Daga ƙasa na ji janareta ya canza murya.

Na ƙwala ihu ta taga. "Kar ka kashe! Minti ɗaya!"

Allon ya mutu.

Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. A taga, jan da ya rage a sama ya dushe.

"Bakin alƙalami ya bushe," in ji muryar, daga nesa yanzu, daga wajen matakalar ƙasa. "Allah ya ba da haƙuri, mai rubutu."

Ban san yadda na sauka benen ba. Na san dai na faɗi sau biyu, na bar takalmina a can. Mai janareta yana kulle ɗakinsa, ya ce, "Ai har minti ɗaya na ƙara miki." Ban tsaya ba. Na yi gudu har layin injin niƙa, ƙafata tana jini ban sani ba.

A ƙofar gidanmu akwai wani wuri a jiƙe, daidai zaman mutum guda.

Na tura ƙofa.

Inna tana tsaye a tsakar gida.

A tsaye, kan ƙafafunta biyu. Tana riƙe da guga da hannun dama, hannun da shekara uku ko ƙuda bai kora ba. Ta kwarara ruwa a ƙasa, ta tsaya a cikinsa. Sannan ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, da fuskar uwata, bakinta ya miƙe sarai.

"Sannu da zuwa, mai rubutu," ta ce. "Wurin ya yi ɗan ƙunci, amma za a zauna."

Washegari aka ƙaddamar da aikin. Ciyaman ya yanke ƙyalle, ya danna maɓalli, aka tafa. Dannawar nan ita ce ta kulle rajistar unguwar gaba ɗaya, wai don kada wani ya yi maguɗi. Daga ranar lambar Yallaɓai ma kallo kawai take iya yi. Mabuɗin gyara yana hannun ɗan kwangila, shi kuwa kwangilarsa ta ƙare, ofishinsa ya koma shagon sayar da labule. Ƙaramar hukumarmu ta sami lambar yabo. Yallaɓai ya sami ƙarin girma. Katafila ta bi ta kan rijiyar a sati na biyu.

A unguwa kuwa sai barka ake yi mini. Matar mai walda ta yi ta guɗa, wai ikon Allah, Inna ta warke. Yayyena suka zo da matansu aka ɗauki hoto. Ba wanda ya lura ba ta kira ko ɗayansu da sunan da take kiransa ba. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa ta toshe tagar ɗakinta da tsumma, ko me ya sa katifarta kullum a jiƙe take. Sun ga tana tafiya, an sauke musu nauyi, shi ke nan.

Na kawo malamai har uku. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba. Ta zauna ta saurari karatu har ƙarshe cikin ladabi, sannan ta zaro notis ɗinta daga ƙarƙashin matashi ta nuna musu. "Ni ba kutse na yi ba. Ku kawo takarda in tashi yau." Na buga wata a kwamfutar kasuwa, da tambari da komai. Ta shinshina ta, ta miƙo mini. Ta ce wannan ba daga cikin littafin ta fito ba.

Baba Rajista ya rasu da damina. Ɗakin tsofaffin fayil kuwa, mai gadi ya ce yana jin ana buɗe shafuka a ciki da magariba. Ba wanda ya damu. A sakatariyar nan su kaɗai ke karanta fayil.

Ina nan ina zuwa aiki. Gurbin da ban san amsarsa ba, ina barin sa ja, ko za a kore ni. An ba ni takardar gargaɗi biyu a kan haka. Kullum da safe, in zan fita, tana tsaye a bakin ƙofa tana tambayata, "Mai rubutu, an gyara takardar?" Ita ma so take ta tafi. Ba na ma iya ƙin ta yadda nake so.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Ranar Talatar da ta wuce, da magariba, ina tsane mata ƙafa da tawul, sai hannunta na dama ya saki, ya faɗi a kan cinyarta kamar da. Rabin bakinta ya karkace. Wata murya ta taso, siririya, daga can ƙasa, irin ta wanda ke magana daga cikin rami.

"Auta."

Na saki tawul ɗin.

"Auta, da sanyi a nan. Kin daɗe."

Kafin in ce Inna, bakin ya miƙe, hannun ya ɗaga, aka ce mini in ƙaro ruwa.

Akwai shafin da ake tura ƙorafi a manhajar, shi kaɗai ɗan kwangilar ya bari a buɗe. Washegari da safe na tura na arba'in da ɗaya. Amsar ba ta taɓa ɓata lokaci ba, ko ƙiftawar ido ba a yi ta iso: An karɓi ƙorafinki, za a duba.